Shekarar da Aka Sayar da Kududdufinmu

Gidanmu shi ne na ƙarshe a lungu, can ƙasan Madabo. Daga bangon ɗakin Inna sai kududdufi, babu komai a tsakani sai 'yar siririyar hanyar da awaki suka fitar da kofatonsu. Tun kafin in san dama da hagu na san cewa duk ruwan saman da ya sauka a gidajen lungunmu ta tsakar gidanmu yake wucewa. Haka mutanen dā suka yi ginin. Kowane gida da rariyarsa a gindin katanga, 'yar kafa daidai wucewar kyanwa. Gidan da ke kan tudu ya tura wa na ƙasa da shi ruwansa, wannan ya haɗa da nasa ya tura gaba, har ya iso wurinmu. Mu kuma mu sallame shi cikin kududdufi ta tamu rariyar da ke gefen ɗakin Inna.

Ban taɓa jin an je gaban alƙali a kan wannan ba, don babu wanda ya taɓa saɓawa. Ba a toshe wa maƙwabci rariya, shi ke nan. Kuna iya shekara ba kwa ga-maciji da mutum, amma da hadari ya haɗo za ka ɗauki sanda ka zaƙulo ledar da ta maƙale a kafar, ruwansa ya wuce ta gabanka.

Ba zan yabi kududdufin nan don ba ya nan ba. Ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ruwansa kore shar, kainuwa ta rufe rabinsa, bakinsa bola ce da gwangwanaye, sauronsa kuwa ko gidan sauro ba ya jin kunya. Sau da yawa ni da bakina na ce da ma a cike shi mu huta. Amma mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, yakan ce gidajen lungun nan kaf daga cikinsa suka fito. Ƙasar da aka haƙa aka yi tubali ita ta bar ramin, ramin kuma shi yake karɓar ruwan da zai cinye tubalin. Duk shekara kafin damina magini yakan ɗebo ƙasa a bakinsa ya yi mana yaɓe. In damina ta sauka kuwa, daga magariba kwaɗi suke ɗauka, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Baƙo ba ya iya barci a gidanmu. Inna kuwa takan ce ita in suka yi shiru ne take farkawa.

A shekarar da nake ba da labari na daɗe da barin gidan. Ina koyarwa a wata makarantar sakandare, ina zaune da iyalina a wata sabuwar unguwa a waje, inda kowa ya ja katangarsa ya sa ƙofar ƙarfe. Ƙannena mata duk suna gidajensu, namijin yana aiki a kudu. Inna kaɗai ta rage, kuma ta sha faɗa cewa daga ɗakin nan sai kushewa. Kullum na tashi daga aiki nakan biya in gaishe ta. Ni ne ɗan fari, ita kuma Bafulatana ce da ba ta wasa da alkunya, don haka ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai" take ce mini. In na faranta mata rai ta ce "Malam", in na ɓata kuwa na zama "wannan mutumin".

Wata rana da rani, ruwan ya ja baya ya bar taɓo, na tarar da wasu mutane a bakin kududdufi da na'ura mai ƙafa uku. Ɗaya na leƙawa, ɗaya na yawo da doguwar sanda mai lambobi. Sun shafa jan fenti a bangon ɗakin Inna ta waje. Na tambaye su ko lafiya, suka ce awo aka turo su, ba su san komai ba bayan wannan. Na shiga na gaida Inna, ta zubo mini tuwo, na ci ba don ina jin ɗanɗanonsa ba.

Washegari na nemi izini a makaranta na shiga zaryar ofisoshi. Wanda ya yi mini bayani a ƙarshe wani jami'i ne mai fara'a. Na so ya zama mugu don in samu wanda zan sauke wa fushina, bai zama ba. Ya ce hukuma ce ta kafa kwamiti ya bi gari ya tattara kadarorin da ba ta da buƙatarsu: tsofaffin gidajen ma'aikata, kangwaye, filayen da aka ware tuntuni ba a yi komai a kai ba, har da kududdufai. Abin da kwamiti ya ga ba shi da amfani sai a yanka shi fuloti-fuloti a sayar, a yi wa jama'a aiki da abin da aka samu. An ma liƙa sanarwa, in ji shi, don mai ƙorafi ya kawo. Na ce a ina. Ya nuna mini wani allo a baranda, bayan inda masinja yake jingine kekensa. Wa'adin ya wuce tun kafin azumi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa ya ce muku ba shi da amfani?"

Ya shimfiɗa taswira a kan tebur. "Malam, duba da idonka. Ba makaranta, ba kasuwa, ba hanya. Fili ne kawai a zaune."

"Ruwan fa?"

"Wane ruwa?"

"Ruwan lungu guda. In an cike shi, ina zai je?"

"A'a, to ai wannan ba namu ba ne. Mu ƙasa muke dubawa. Maganar ruwa sai dai ka hau sama, ofishin magudanai."

Na hau sama. Na sama suka ce su lambatun da hukuma ta gina suke dubawa, rariyar gidan ƙasa ba ta cikin aikinsu. Na sauko ina huci, na manta inda na ajiye babur ɗina, na yi ta zagaye harabar ina nema.

Kafin mu gama gane wa aka ba wa filin, takardar ta riga ta sauya hannu. Wanda aka fara ba wa bai taɓa taka unguwarmu ba. Ya sayar wa dillali, dillali ya sayar wa wani Alhaji mai harkar yadi. Mai unguwa ya tara dattawan lungu muka je gidansa. Ni tun daga gida na shirya maganata tsaf. Amma zuwa wurin babban mutum yana da tsari, kuma ni ne ƙaraminsu. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi kasuwa, liman ya yi addu'a Allah ya sa wa filin albarka. Sai can mai unguwa ya ce, kamar mai neman gafara, "Sai dai 'yar maganar ruwan nan, Alhaji." Alhajin ya ce haba, ai shi ma ɗan cikin gari ne, in an gama gini zai ja lambatu har titi, in sha Allahu. Dattawa suka ce madalla. Na buɗe baki zan ce a ja lambatun kafin ginin, wani baffana ya taka mini ƙafa. Muka fito da goro da turare, kowa yana yabon kirkin mutumin.

Ba a yi nisa ba tifa ta fara zuwa. Ta ɗaya gefen take shigowa, inda kududdufin ya kusanci titi, ta juye jar marmara ta koma ta ɗauko wata. Kullum na zo sai in ga ruwan ya ƙara matsewa zuwa wajenmu. Kwaɗi suka watsu cikin gidaje, ana samunsu a ƙarƙashin randa da cikin takalma. Masu agwagi suka sayar da su. Daga nan aka haƙa tushe, aka ta da katangar bulo, kuma da yake masu awo daga jikin bangonmu suka fara lissafi, katangar ta zo ta tsaya dab da bayan ɗakin Inna, ko hannu ba ya shiga tsakani. An kuma ɗaga filin ya fi tsakar gidanmu tudu. Na durƙusa na leƙa ta rariyarmu, inda a dā ake hango ruwa da haske. Bulo na gani.

Ruwan farko ba shi da yawa, amma ya kwana a tsakar gida. Muka kwashe da bokiti muka fitar ta soro muka watsar a lungu, rabinsa ya gangaro ya dawo. Na biyu ya kai idon sawu. Bayan ya janye sai na ga gindin bangon ɗakin Inna ya yi duhu, na danna da yatsa ya lotsa. Gidan ƙasa ba ya tsoron ruwan da ya zo ta sama, indararo yana maganinsa. Wanda ya zauna masa a ƙafa shi yake kayar da shi.

Daga ranar hankalina ya bar jikina. Ina cikin aji ina rubutu a allo, idona yana taga. Da iska ta kaɗa ta gabas sai in rasa inda na tsaya, ɗalibai su tuna mini. Na koma duba hasashen yanayi a waya kamar mai jiran sakamakon asibiti. Na je wurin Alhaji ni kaɗai, ya karɓe ni hannu biyu, ya ce lambatu yana nan cikin tsari, a bari a kai linta tukuna. Na roƙi Inna ta dawo gidana zuwa ƙarshen damina. Ta ce ita ba ta ga abin da ya kore ta ba.

Abin da ya fi cin raina shi ne, ruwan da ke sauka a gidanmu shi kaɗai ba zai yi mana komai ba, ƙasa za ta shanye. Na sauran gidajen ne yake cika mu, kuma duk ta kafa ɗaya yake shigowa, ta katangar da ke tsakaninmu da Gwaggo. Gwaggo maƙwabciyarmu ce, ba mu haɗa jini ba, amma tare suka tsufa da Inna. Tana yin alkaki da nakiya na biki. Mijinta, wanda kowa yake kira Malam, ya daɗe a kwance da shanyewar ɓarin jiki, a kan katifa a ƙasa, don ɗaga shi zuwa gado ya fi ƙarfinta.

Na san wannan duka. Duk da haka wata Asabar na sayi buhun siminti, ɗan dako ya ɗauko mini shi a ka har tsakar gida. Inna tana tsince shinkafa a faranti. Ta dubi buhun, ta dube ni.

"Gini za ka yi?"

"Rariyar Gwaggo zan toshe, Inna."

Ta ci gaba da tsintarta kamar ba ta ji ba. Na zauna na yi mata bayani kamar yadda nake yi wa ɗalibai. Na ce dā muna karɓa ne don muna da inda za mu miƙa, yanzu an rufe. Na ce mu ba mu muka sayar ba, ba mu muka saya ba, don me ɗakinta zai biya. Na ce Gwaggo ma ta toshe ta wajenta, na sama da ita shi ma ya toshe, kowa ya ji da ruwansa.

Ta ce, "To in kowa ya toshe, ruwan sama zai koma?"

"Ba zai taru a kanki ke kaɗai ba dai."

"Zai taru a kan wanda ba ya iya tashi." Ta ajiye farantin. "Kai, ka san abin da ya bi ta kafar nan? Duk haihuwar da matar nan ta yi, ruwan wankan jegonta ta gabana ya wuce, da ɗuminsa. Waɗanda ta binne ma, ruwan wankansu ta nan ya bi. Ina zaune a nan nake sanin wa ya yi wanki a lungun nan, wa ya yi yanka, wa ya kwana biyu bai ɗora tukunya ba in aika masa. Yau kuma in sa siminti in ce ban san su ba?"

Raina ya ɓaci, har na ɗaga mata murya, abin da ban saba ba. Na ce bango ne zai faɗo mata a ka, ba maganar zumunci ake ba. Ta ce, "Wannan mutumin, ka rage murya, akwai mara lafiya a bayan katanga."

Amma an riga an ji. Rariyar da ke wucewa da ruwa tana wucewa da magana. Ba a jima ba sai ga sallamar Gwaggo, ta shigo da mayafinta a karkace, hannunta duk gari. Ko zama ba ta yi ba.

"Yaya, ki bar yaron nan ya yi aikinsa. Gaskiya ya faɗa."

Inna ta ce, "Ya jikin Malam?"

"Da sauƙi. Ki bar shi ya toshe, mu ma kwashe namu da bokiti."

"Ya samu ya sha kunun?"

"Yaya, magana nake miki fa."

"Ai na ji. Zauna mana, kin tsaya kamar baƙuwa."

Haka suka yi ta yi, ɗaya na miƙa wuya ɗaya na ƙin karɓa, ni ina tsaye da buhun siminti kamar wanda aka aika ya manta saƙo. A ƙarshe na ce zan dawo da birkila, ko suna so ko ba sa so. Na fita ban yi sallama ba.

Da na dawo da birkilan, babu buhun. Na duba soro, na duba madafa. Inna ta ce in leƙa gidan Gwaggo in gaida Malam, na kwana biyu ban shiga ba. Na shiga. An ɗaga dokin ƙofar ɗakin da yake kwance da sabon siminti, ya kusa kai gwiwa, har bai gama bushewa ba. Inna ce ta kira maginin lungu ta sa shi. Malam ya ɗago hannunsa mai lafiya yana sa mini albarka da bakinsa da ba ya fita sosai, don an gaya masa ni na saya musu. Na amsa da amin. Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba. Na sallami birkila na biya shi kuɗin ƙafa.

Ban sake sayen wani buhun ba. Ba wai na yarda da maganar Inna ba ne, na dai san zai sake ƙarewa a gidan wani. Abin da ya rage mini shi ne tsoro, shi kuwa ina da shi isasshe. A kwanakin na lura kayan ɗakinta suna raguwa. Yau in ga kwallayenta a jere a soro, gobe akwatin tufafinta, jibi buhun gero. Na tambaya, ta ce iska take so su sha. Daga baya ta sa aka fito da gadon ma, wai ɗakin ya cika zafi, ta koma kwana a ɗakin mahaifinmu da ke kusa da soro. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ta san abin da ke tafe sarai, bakinta ne kawai bai faɗa ba.

Ranar da abin ya faru muna cikin marka, an kwana biyu rana ba ta fito ba. Bayan azahar gabas ta yi baƙi ƙirin. Ina gida, don makaranta tana hutu. Ban tsaya neman rigar ruwa ba na hau babur. Kafin in shiga ƙofar gari ruwa ya tsinke kamar da bakin ƙwarya. Titi ya zama kogi, babur ya mutu, na tura shi rumfar wani mai faci na ci gaba da ƙafa. Ina ta kiran wayarta tana shiga ba a ɗauka. Duk addu'ar da na iya na karanta, wata ma na haɗa farkonta da ƙarshen wata.

Da na tura ƙofar soro ruwa ya tare ni a ƙwauri. A tsakar gida ya kai gwiwa, ja, da leda da bawon albasa suna juyi a kai. Na duba ɗakin mahaifinmu ba ta nan. Na ƙwala kira. Sai na hango ta can jikin katangar Gwaggo, a sunkuye cikin ruwan, zanenta ya manne mata, ɗankwali ya faɗi, tana fama da sandarta a bakin rariya.

Na ɗauka leda take cirewa. Da na matsa sai na ga tsumma ne ta jawo, ta jefar, ta sake zura sandar ta jawo wani. Daga can bayan katanga kuma muryar Gwaggo ce, tana kuka tana cewa, "Yaya, don Allah ki bari! Don girman Allah ki bari!" Ashe Gwaggo ce take cusa tsummoki ta wajenta don ta hana ruwan shigo mana, Inna kuma tana zare su ta wajenmu. Har da tsohon bargo na ga ya fito. Duk wanda ta zare sai ruwan ya tunkuɗo da ƙarfi ya bugi ƙafarta.

Inna ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ta yi ba. "Ki koma wurin mijinki! In kika sake sa wani abu a nan ban yafe ba!"

Na kama ta ta kafaɗa. Ban taɓa riƙe mahaifiyata haka ba tun ina yaro, kuma na tsorata da yadda ba ta da nauyi. Ta yi ta ƙoƙarin ƙwacewa tana cewa in sake ta, akwai saura. Na ɗauke ta cak na kai ta soro na ɗora a kan benci. Na juya zan ɗauko mata mayafi a akwati ke nan muka ji shi.

Ban ji ƙara mai yawa ba. Na zaci in ɗaki zai faɗi sai unguwa ta girgiza. Wani nishi kawai ya yi, sannan tim, kamar an sauke buhu daga ka. Bangon baya ne ya fara zaunawa, azara suka biyo shi, rufin ya rufta ciki. Ruwan tsakar gida ya yi toroƙo ya bugo ƙofar soro, sannan ya juya ya shige inda ɗakin yake.

Inna ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta daɗe tana kallon wurin. Ta shiga ɗakin nan tana amarya, a ciki ta haife mu duka. Ina jiran ta yi kuka, don ni nawa ya riga ya zo. Sai ta ce, "Kai, leƙa ka tambayo, ruwa bai shiga wurin Malam ba?"

Na ratsa ruwan na je jikin katanga na tambaya. Gwaggo ta amsa da ƙyar, ta ce bai shiga ba, a bakin dokin ƙofa ya tsaya. Na dawo na gaya wa Inna. Ta ce alhamdu lillahi, sannan ta ce in nemo mata ɗankwalinta, maƙwabta za su shigo.

A ranar ta bi ni gida ba tare da na roƙa ba, don sauran ɗakunan ma sun sha ruwa. Mutane suka yi ta zuwa jaje. Alhaji ma ya zo da kansa, ya nuna damuwa ƙwarai, ya ce ƙaddara ce, kuma maganar lambatu tana ransa. Shagunansa sun buɗe bayan damina. Ana sayar da labule da kayan ɗaki a ciki, da kyau, na taɓa wucewa na gani.

Ba a daɗe ba dillali ya same ni, ya ce akwai mai son kangon, za a haɗa da na baya a faɗaɗa. Ƙannena suka ce a sayar a gina wa Inna ɗaki mai kyau a wajena. Ni ma haka na gani. Da na kai mata maganar, tambaya ɗaya ta yi.

"Wanda zai saya, cikewa zai yi?"

Na ce ai dole.

"To rariyar fa?"

Ta ce in dai tana numfashi a bar shi yadda yake. Malam ya rasu a shekarar da ta biyo, na sake tayar da maganar, ta ce Gwaggo ai tana nan, kuma akwai na sama da ita.

Don haka gidan yana nan. Da rani kango ne, awaki suna kwana a ciki. Da damina ruwan lungu yana taruwa a tsakar gidanmu da gurbin ɗakin Inna, ya yi wata da watanni, har kainuwa ta fito ban san daga ina ba. Duk sanda na ga baƙo ya tsaya yana kallon wurin sai gabana ya faɗi, in duba ko yana riƙe da fenti. Aikina kuwa an riga an yanka mini. Da hadari ya haɗo Inna za ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Malam, ka je ka duba?" Sai in hau babur in shiga gari, in ɗauki sandarta da ke jingine a soro, in zaƙule kafar Gwaggo.

A gidana ba ta rasa komai ba. Ɗakinta na bulo ne, da silin da fanka, jikoki suna shiga suna fita. Ruwan sama yana sauka ya bi kwata ya fice, ba ya ratsa gidan kowa. Amma matata ta ce mini Inna ba ta barci sosai, in an tambaye ta sai ta ce unguwar ce ta cika shiru.

A daminar da ta wuce na makara wata rana, sai bayan magariba na isa, an riga an ɗauke ruwan. Na gyara rariyar, na tsaya a bakin soro na kira ta a waya don in ce mata na duba. Ta ce madalla, Allah ya yi albarka. Sai ta jefo mini tambaya.

"Mene ne wannan nake ji a bayanka?"

Na ce, "Kwaɗi ne, Inna."

"A ina?"

Na so in yi mata ƙarya, ban iya ba. Na ce, "A ɗakinki."

Na duba wayar ko ta katse. Na ce to, bari in taho, sai na iso.

Ta ce, "Kai. Kar ka kashe tukuna."

Na ɗaga wayar na miƙa ta wajen ruwan, na tsaya a haka har hannuna ya gaji, na sauya ɗayan.